Daga Burmi zuwa Mai Wurno: me ke riƙe jama'a a kan tafiya ɗaya?

Masu nazarin yunƙurin jama'a sukan tambaya: me ke sa dubban mutane su tashi tare, kuma su ɗore bayan jagoransu ya faɗi? Tarihinmu na da amsa.

A 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, amma hijirar ba ta tsaya ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kusa da Sennar a Sudan.

Mark Duffield, cikin littafinsa na 1981 kan garin, ya dubi gona, ƙwadago da sarauta. Bawa Yamba kuwa, a nasa na 1995, ya nuna jikokin Hausawa a ƙauyukan Jazira, haifaffun Sudan masu aikin auduga, suna ɗaukar kansu maniyyata da ke kan hanyar Makka.

Idan muka haɗa binciken biyu, za mu ga zafin rai na iya tayar da jama'a, amma niyya ɗaya, shugabanci da hanyar abinci ne ke riƙe su. Ɗalibanmu, dattawan da suka gaji labarin nan suna ƙarewa. Mu rubuta daga bakinsu tun suna raye.