Fara'a: Shin Fuska Takan Faɗi Gaskiyar Zuciya?

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Idan mai karatu ya lura, karin maganar nan biyu ba su jitu sosai ba. Na farko ya ɗauki fuska a matsayin mai ba da shaida, na biyu kuwa ya mai da ita abin da ake shimfiɗa wa baƙo, ko rai yana so ko ba ya so.

Masana halayyar ɗan Adam sun kasa fara'a gida biyu. Akwai ta ɗan lokaci, mai zuwa ta wuce, akwai kuma wadda ta zama hali, watau ta mutumin da abu kaɗan ke sa ya saki fuska, kuma fushinsa ba ya kwana. A 1996 Willibald Ruch da abokan aikinsa suka tsara ma'aunin auna waɗannan biyun. Mu a nan muna iya ƙara ta uku, wato fara'ar ladabi. Ita ce ke sa majinyaci ya amsa gaisuwa da "lafiya lau", alhali zazzaɓi na girgiza shi.

Tun a 1862 wani likitan Faransa, Duchenne, ya riƙa jona wa tsokokin fuskar mutane lantarki don ya ga aikin kowace. Ya gano cewa tsokar da ke jan gefen baki sama tana bin umarnin mai ita, amma wadda ta kewaye ido, mai sa shi ƙanƙancewa, farin ciki na haƙiƙa ne ke motsa ta. Murmushin baki kaɗai shi ne muke kira yaƙe. Sai dai binciken baya ya nuna mutane da dama na iya motsa tsokar idon da gangan, saboda haka ko ido ba cikakken mashaidi ba ne.

Wannan magana ta wuce ta ɗakin gwaje-gwaje ga malamin da ke koyarwa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa. A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin daji. Bayan kwana 6 aka sako 344, bisa ƙidayar gwamnatin Jihar Katsina. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa su ma sun sha hare-hare a shekarun nan. To, yaron da ya ga irin wannan, ya dawo aji yana murmushi, me malami zai ɗauka?

Kuskure iri biyu ake yi. Na farko shi ne a ga yaro yana dariya a ce ba ya da tausayi, ko bai san abin da ya faru ba. A 1997 Dacher Keltner da George Bonanno, a Amurka, sun tattauna da mutanen da mata ko mazansu suka rasu wata 6 da suka wuce. Waɗanda suka yi dariya ta gaske yayin tuna mamacin sun fi sauran ƙarancin fushi da ƙunci. Ashe dariya a tsakiyar baƙin ciki hutu ce da zuciya ke ɗauka, kuma bai kamata a tsawata wa yaro a kanta ba.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, shi ne a ga murmushi a ce an warke. Yaron da aka tarbiyyantar da kunya da haƙuri zai yi wa malaminsa fara'a ko da bai runtsa ba daren jiya. Abin dubawa shi ne barcinsa da karatunsa: mugun mafarki, zabura idan babur ya yi ƙara, gudun wurin da ke tuna masa abin da ya faru, kasa tara hankali ga darasin da a da yake ganewa. Idan waɗannan suka zarce wata guda, lokacin ganin likita ya yi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne binciken Robert Provine, wanda ya nuna mutum yakan yi dariya cikin jama'a kimanin ninki 30 a kan yadda yake yi shi kaɗai. Ke nan fara'a tana bukatar taro kamar yadda shuka ke bukatar ruwa. A 2021, da aka rufe kasuwannin dabbobi aka kuma katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi saboda tsaro, ba ciniki kaɗai ya tsaya ba, har da wuraren da ake haɗuwa a yi raha. Saboda haka langa da ƙwallo da wasan kwaikwayo a makaranta ba ɓata lokaci ba ne. A filin wasa ne ma malami zai fi saurin gane ɗalibin da ya koma gefe shi kaɗai, wanda ɗazu a aji ya gaishe shi da murmushi.