Hadiman gwamna da Iyaye Mata uku na bakin Kogin Rhine

Ma'aikacin da aka taɓa ɗaukewa daga Abuja zuwa Jimeta, bakin Binuwai, ya san zaman baƙunta: takardar aiki tana hannu, amma gari na masu gari ne. Jami'an Daular Rum da aka tura bakin Kogin Rhine, iyakar daular a Jamus ta yau, sun ɗanɗani irin wannan, sai suka nemi tsari wurin allolin 'yan ƙasa.

Matronae ake kiransu, wato Iyaye Mata. Akan sassaƙa su a dutse su uku a zaune, kwandunan 'ya'yan itace a cinya. Biyun gefe suna sanye da manyan hulunan matan ƙabilar Ubii, ta tsakiya kuwa gashinta a sake. Rubutun na Latin ne, laƙabansu na harsunan Jamusawa da Keltawa.

A shekara ta 164 Miladiyya, ma'ajin birnin Kolon, Quintus Vettius Severus, ya keɓe musu dutse, wanda aka tono a ƙarƙashin babban cocin Bonn. Na Nettersheim sun fi jan hankali: sojojin da gwamna ya tura tsaron hanya ne suka jera su, kowa da sunansa da muƙaminsa, yana shaida ya cika alwashi.