Farantin taliya a Maiduguri: sunan Italiya, alkamar ƙetare, ga gonakin Marte a kwance

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da aiki ya kai Maiduguri, ko taro ne a hedikwatar Hukumar Raya Arewa Maso Gabas ko rakiyar minista, yakan kammala hidimar yini ne bayan magariba, sannan a shiga shawarar inda za a ci abinci. Ko ya zauna a otal ɗinsa, ko direba ya kai shi wani gidan abinci a GRA ko gefen titin Damboa, zai iya cin karo da spaghetti bolognese da fiza a takardar jerin abinci. Matsayin girkin Italiya ke nan a wannan birni: layi biyu ko uku, tsakanin soyayyiyar shinkafa da farfesun kifi.

Fita cin abincin dare a Maiduguri ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san shekarun baya. Tun daga rikicin Yulin 2009 birnin ya daɗe yana kwana da dokar hana fita, kuma bayan dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013 har layukan waya aka katse. Da ƙura ta ɗan lafa, ƙungiyoyin agaji suka cika gari, ciki har da na Italiya irin su INTERSOS mai hedikwata a Rum. Baƙi suka zo da kuɗinsu da irin cimar da suka saba, masu dafa abinci kuma suka bi kasuwa.

Sai dai taliya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Borno. Mutane da dama na ganin sunan ya fito ne daga kalmar Italiya, wasu kuma na danganta shi da itriyya, tsohuwar kalmar da Larabawa ke kiran busasshen zaren ƙullun alkama da ita. Masanin ƙasa al-Idrisi ya ambaci itriyya a 1154, yana bayanin yadda ake yin ta a tsibirin Sisili ana kai wa ƙasashe a jiragen ruwa. Kowanne aka ɗauka, yatsa arewa yake nunawa. Ayarin fatake ya shafe ƙarnuka yana tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Murzuk da Bilma ya sauka Borno, kuma har yau akwai unguwar Fezzan a tsakiyar Maiduguri, mai ɗauke da sunan yankin kudancin Libiya. Italiya ta mamaye Libiya a 1911, shekara huɗu bayan kafa Yerwa, taliya kuma ta zauna daram a tukunyar Libiyawa. Ƙaramin injin hannu da matan arewa ke murza taliya da shi, su shanya a igiya, a ci da manja da yaji, irinsa ne ake ɗaurawa a bakin tebur a gidajen Italiya.

Akwai bambanci, kuma baƙo zai ji shi a baki. Dokar Italiya ta 1967 ta wajabta yin busasshiyar taliya da alkama mai tauri da ake kira durum, kuma can ana sauke ta daga wuta da sauran ƙarfinta. A nan, taliyar da ba ta yi laushi ba sunanta ɗanya, sai a mayar wa kuku. Wanda yake son ta yadda Italiyawa ke ci gara ya faɗa tun kafin a ɗora tukunya. Wata tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ta halal: asalin carbonara da naman alade ake yin ta, tiramisu kuma akan zuba masa giya. A Maiduguri naman sa da kaza ne suka maye gurbi, amma hadimin da zai bi mai gidansa Abuja, Legas ko Rum ya kamata ya riƙe sunayen nan biyu.

Inda lamarin ke ciwo shi ne wajen biyan kuɗi. Sabon tsarin alawus ɗin tafiyar aiki da ya fara aiki a Satumban 2022 ya ba ma'aikacin mataki na 7 zuwa 10 naira 17,500 a kwana, na mataki na 16 da 17 kuma naira 37,500, kuma daga ciki ne kuɗin ɗaki da na ci za su fito. Wata tara bayan haka, a Yunin 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi.

Farantin taliya kuwa kusan dukkansa kayan waje ne. Najeriya na sayo mafi yawan alkamar da take ci, fiye da kashi 90 cikin 100. Jirgin ruwa ya sauke ta a tashar Apapa, a niƙa, a murza, sannan tirela ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 kafin ta shigo gari ta hanyar Damaturu. Man zaitun ma na ƙetare ne. Cuku kuma ba ya haƙuri da zafin Afrilu a Maiduguri, sai da firji dare da rana. Bayan da mahara suka karya turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu a Janairun 2021, birnin ya daɗe a duhu, har aka gina masa tashar gas ta gaggawa mai megawat 50 da aka ƙaddamar a Maris 2023. Duk sa'ar da wuta ta ɗauke, dizal ne ke riƙe da cukun, kuma mai cin fiza ne zai biya. Daga tumatir sai albasa da nama ne za a ce 'yan gida ne.

Abin takaicin, wanda ya kamata ya tsaya wa jami'in Abuja a maƙogwaro, shi ne cewa cibiyar da aka ɗora wa alhakin binciken alkama a faɗin ƙasar nan tana cikin wannan birni. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1975, tana kan hanyar Gamboru Ngala. Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi ma nan hedikwatarta take, kuma ita ce ta shimfiɗa aikin noman rani na Kudancin Chadi a New Marte, wanda aka tsara ya shayar da sama da hekta 60,000 na alkama da shinkafa. Tafkin ya ja baya ya bar magudanan a bushe tun kafin aikin ya kai ko kusa da abin da aka zana. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 domin a noma ta gida, aka ɗage haramcin a 1992 ba tare da an cike giɓin ba. Daga baya rikici ya kori manoman da suka rage.

Dukkan hukumomin biyu na tarayya ne. Kasafinsu daga Abuja yake fitowa, takardunsu kuma ta teburan irin mutanen da ke zaune suna jiran taliyarsu suke wucewa. Gwamnatin Babagana Zulum ta mayar da wasu mazauna Marte gida, ana kuma ta maganar farfaɗo da famfunan ban ruwa, amma ko a Mayun 2025 sai da mahara suka afka wa sansanin soja da ke garin.