Abin da ya kamata ku sani game da Cyclone Taylor, gwarzon hokin ƙanƙara na Kanada

A farkon ƙarni na ashirin, in aka kama saurayi a lardin Ontario na Kanada yana karɓar kuɗi don ya buga hokin ƙanƙara, korarsa ake yi daga wasan. Kafin a cika shekara goma, masu arziki sun koma rububin 'yan wasa da dubban daloli. Mutumin da rayuwarsa ta ratsa wannan sauyi daga farko har ƙarshe shi ne Fred Taylor, wanda duniyar wasanni ta fi sani da Cyclone, wato guguwa. An haife shi a 1884 a ƙauyen Tara, ya tashi a garin Listowel, duka a Ontario.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, fili ne na daskararriyar ƙanƙara da aka kewaye da katako. 'Yan wasa na sa takalma masu siririn ƙarfe a tafinsu, suna sulɓi a kai, kowa da sanda mai lanƙwasasshen baki, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba zuwa raga. Yau mutum shida-shida ake yi. A zamanin Taylor bakwai-bakwai ne, kuma na bakwai ɗin ba shi da tsayayyen wuri, duk inda wasa ya yi zafi can yake. Babu hular kwano, kuma sau da yawa wanda ya fara wasa shi zai gama minti sittin ɗin ba tare da an canje shi ba. Abin da ya fi muhimmanci a labarin nan shi ne doka ba ta yarda a miƙa wa abokin wasa faifan in yana gaba ba. Mai son kaiwa raga sai ya ɗauko da kansa ya keta abokan hamayya. A irin wannan wasa gudu shi ne jari, kuma babu wanda ya kai Taylor gudu.

Matsalarsa ta farko da manya ce. Hukumar hoki ta Ontario tana hannun mutanen da suka yi imani cewa wasa na masu mutunci ne, kuma mai mutunci ba ya karɓar ko kwabo. Magana ce mai daɗin faɗi ga wanda ubansa ke da shago ko banki. Ɗan talaka kuwa, in ya karye a fili, babu mai biya masa ko kuɗin ɗori. Kamar yadda Taylor ya riƙa ba da labari, sakataren hukumar, W. A. Hewitt, ya nemi ya koma ƙungiyar Marlboros ta Toronto, shi kuma ya ƙi barin gida, sai ƙofofin Ontario suka rufe masa. Ya yi kusan shekara ba ya wasa, sannan ya nufi yamma, garin Portage la Prairie a Manitoba, daga can kuma a 1906 ya tsallaka Amurka.

Abin mamaki, gasar hoki ta farko da ke biyan dukkan 'yan wasanta ba a Kanada aka kafa ta ba. A yankin haƙar tagulla na arewacin jihar Michigan ta samo asali a 1904, kuma wani likitan haƙori ɗan Kanada, Jack Gibson, na cikin waɗanda suka assasa ta. Ma'aikatan ma'adinai suna da albashi a aljihu, sanyi ya hana su zuwa ko'ina, suna son kallo. Taylor ya buga wa ƙungiyar Portage Lake ta garin Houghton, suka ɗauki gasar. Da ƙungiyoyin Kanada suka ga taurarinsu na ƙaura, sai su ma suka fara biya a sarari, gasar Michigan ta mutu a 1907, 'yan wasa suka kama hanyar gida.

Ƙungiyoyi da dama sun nemi Taylor, amma Ottawa ce ta same shi, kuma ba da yawan kuɗi ta same shi ba. Ottawa ce babban birnin ƙasa, shugabannin ƙungiyar suna da hanya a ma'aikatu, sai suka haɗa masa da aikin akawu a sashen shige da fice na gwamnatin tarayya. Taylor ya san kakar wasa wata uku ce kacal, tunda ƙanƙarar ta Allah ce, da zarar bazara ta matso sai ta narke. Ya kuma san ƙafa ba ta da tabbas. Daga nan har ya daina wasa, duk cinikin da aka yi da shi sai an sa maganar aikin nan a ciki.

A Ottawa ne ya samu laƙabinsa. An ce Gwamna Janar na lokacin, Earl Grey, ya kalli wasansa ya kwatanta shi da guguwa, wani ɗan jarida mai suna Malcolm Brice ya ji ya buga, sunan ya bi shi har kabari. Mai tsaron baya ne a lokacin, amma sai ya ɗauko faifan daga bakin ragarsu ya ratsa fili gaba ɗaya. A 1909 Ottawa ta ɗauki Kofin Stanley, kofin da wani tsohon Gwamna Janar, Lord Stanley, ya bayar a 1892, wanda har gobe shi ne ƙololuwar abin da ɗan hoki ke nema.

Sai ga masu azurfa sun shigo. M. J. O'Brien attajiri ne mai haƙar azurfa a Cobalt kuma ɗan kwangilar layin dogo, ɗansa Ambrose kuma ya ƙudura sai ƙaramin garinsu Renfrew ya ɗauki Kofin Stanley. Da manyan ƙungiyoyi suka ƙi karɓar Renfrew cikin gasarsu, sai Ambrose ya haɗa kai da wasu suka kafa tasu a ƙarshen 1909, wadda ake kira NHA. A cikin wannan rigima ce aka haifi ƙungiyar Montreal Canadiens, kuma daga NHA ɗin ce babbar gasar NHL ta yau ta fito a 1917. O'Brien ya zuba kuɗi ya ɗauko 'yan'uwan nan biyu, Lester da Frank Patrick, daga baya ya kawo Newsy Lalonde. Taylor kuwa an ruwaito an biya shi dala 5,250 don kakar wasanni goma sha biyu. In aka raba kuɗin bisa yawan wasanni, da wuya a samu ɗan wasan ƙungiya a nahiyar da ya kai shi a lokacin. Sunan ƙungiyar Creamery Kings, amma jama'a suka sa mata Miloniyoyi.

Mutanen Ottawa sun ɗauki tafiyarsa cin amana. A nan ne labarin da ya fi kowane shahara a kansa ya samo tushe: wai ya yi cika baki cewa zai ci Ottawa yana sulɓi da baya. A wasan farko a Ottawa 'yan kallo suka yi ta jifarsa, bai kuma ci ba. A karawa ta biyu a Renfrew, inda aka yi wa Ottawa kaca-kaca, wasu suka ce ya cika alkawari, wasu suka ce ɗan juyi kawai ya yi kafin ya buga. An yi shekara kusan saba'in ana tambayarsa, bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba. A ganina ya fahimci abin da 'yan talla suka gano daga baya, cewa labarin da ba a warware ba ya fi tsawon rai.

Duk da kuɗin, Renfrew ba ta ɗauki kofin ba, kuma bayan kaka biyu ta watse, don garin ya yi ƙanƙanta da ɗaukar irin wannan albashi. Aka miƙa haƙƙin Taylor ga Montreal Wanderers, ya ce ba zai bar ofishinsa na Ottawa ba, ya gwammace ya zauna kusan kaka guda ba wasa.

'Yan'uwan Patrick ne suka fitar da shi. Da kuɗin kamfanin katako na mahaifinsu suka kafa sabuwar gasa a gaɓar tekun Pasifik a 1911, suka gina filaye masu ƙanƙarar inji a Vancouver da Victoria, tunda sanyin can bai isa ya daskarar da ruwa yadda ake so ba. Taylor ya koma Vancouver a 1912, aka kuma mayar masa da aikinsa can. Gasar ta shata layuka a fili, ta halatta miƙa faifan gaba a tsakiya, shi kuma ya bar tsaron baya ya koma gaba. Sau biyar yana zama na ɗaya a yawan maki a gasar, kuma a 1915 sabuwar ƙungiyarsa Vancouver Millionaires ta doke tsohuwar ƙungiyarsa Ottawa wasa uku a jere ta ɗauki Kofin Stanley.

Aikin da ya riƙe da hannu bibbiyu yana da nasa baƙin shafin. A watan Mayu na 1914 jirgin ruwa Komagata Maru ya iso Vancouver da fasinja 376 daga Indiya, akasarinsu mabiya addinin Sikh daga Punjab, sai kuma Musulmi da 'yan Hindu. Talakawan Sarkin Ingila ne kamar 'yan Kanada, amma akwai dokar da aka tsara musamman don hana su shiga, wadda ta ce sai wanda ya zo kai tsaye daga ƙasarsa ba tare da yada zango ba. Wata biyu jirgin na tsaye a tashar, abinci da ruwa na ƙarewa, kafin a kora shi. Da ya isa kusa da Kalkata, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta, mutane kusan ashirin suka mutu. Taylor na cikin ƙananan jami'an shige da fice da aka sa aikin jirgin. Ba shi ya yi dokar ba, amma yana cikin masu zartar da ita, kuma sai a 2016 Firaminista na lokacin, Justin Trudeau, ya nemi gafara a majalisa.

Ya ajiye sanda a 1921, ya ɗan leƙo a kakar 1922 zuwa 1923, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NHL ba. A ofis kuwa ya yi ta hawa har ya zama kwamishinan shige da fice na British Columbia da Yukon, ya samu lambar girmamawa ta MBE, ya yi ritaya a 1950. A 1947 aka sa shi cikin zauren gwarzayen hoki. Da ƙungiyar Vancouver Canucks ta shiga NHL a 1970, shi aka gayyato, yana da shekara 86, ya jefa faifan buɗe wasanta na farko, kuma kyautar gwarzon ɗan wasanta na shekara sunansa take ɗauke da shi. Ya rasu a watan Yuni na 1979, saura mako biyu ya cika 95. Canucks ta kai wasan ƙarshe na neman Kofin Stanley a 1982 da 1994 da 2011, duka ta sha kaye, don haka kofin 1915 shi ne kaɗai Kofin Stanley da birnin Vancouver ya taɓa ɗauka.