Ɓarawo Mai Sallama: Yadda Ake Sata da Rana da Hanyoyin Kare Gida

Akwai ɓarawon da ba ya haura katanga, ba ya fasa ƙofa. Da rana tsaka yake zuwa, ya yi sallama kamar baƙon kirki, ya ɗauke hankalin mutanen gida da wata buƙata, kafin a farga kaya sun yi ƙafa. A garuruwa irin su Achilafiya, Karkarna, Roni, Gwiwa da Babura, inda ake karrama baƙo, jarinsa shi ne kunyar da ke hana mutum ya tambayi wanda ya zo: wane ne kai, wa ya aiko ka?

Yawanci su biyu ko uku ne. Ɗaya ya tsare mai gida da magana, ɗayan ya yi aikin. Sukan zaɓi lokacin da gida ya yi shiru: damina idan maza suna gona, lokacin sallar Juma'a, ko ranar kasuwa. Ranar biki da zaman makoki kuma sun fi sauƙi, domin mace mai hijabi za ta kutsa cikin taro, dangin ango su ɗauka ta amarya ce, dangin amarya su ɗauka ta ango ce. Abin da ake nema shi ne waya a caji, babur a zaure, sarƙa da 'yan kunne, kuɗin adashi, batirin sola, ko kuɗin riɗi da gyaɗa da aka sayar da kaka.

Dabarun ba su da yawa, sai dai ana sauya musu riga. Wata ta roƙi ruwan sha ko ta nemi kewayawa. Uwargida na nufar randa, abokiyar tafiyar baƙuwar ta faɗa ɗaki. Wani ya ce maigida ne ya aiko shi ya karɓi makullin babur ko buhun gero, har ya ambaci sunansa da inda yake, domin da ɗan gari akan ci gari. Wani ya zo a gigice ya ce mota ta buge yaro a bakin titi, a fita a guje a bar ƙofa a buɗe. Akwai kuma masu shigar ma'aikata: su ce daga KEDCO suke, kamfanin da ke raba wuta a Kano, Katsina da Jigawa, ko su ce rajistar tallafi suke yi, su nemi katin ATM da lambar sirri. Babu ma'aikacin banki ko na gwamnati da aikinsa ya haɗa da tambayar lambar sirri.

Kariya ta farko tana cikin tsarin gidan Bahaushe. An yi zaure ne don baƙo ya tsaya a nan, kuma aya ta 27 cikin Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, don haka tsayar da baƙo ba rashin mutunci ba ne. Mai neman ruwa a kai masa waje, a ja ƙyauren ɗaki kafin a juya baya. Wanda ya ce aiko shi aka yi, a buga wa maigida ta lambar da aka sani, ba ta wayar da ɗan aiken ya miƙo ba. Idan labarin hatsari ne, mutum ɗaya ya zauna, ko a kulle gida. Yara ma su san cewa ba a gaya wa baƙo "babu kowa".

Bai kamata tsoro ya sa a kori ma'aikatan gaskiya ba. Masu rigakafin shan inna da masu raba gidan sauro sukan zo bayan sanarwa daga mai unguwa ko dagaci, galibi da ɗan unguwa a tare da su. Wanda aka yi shakkarsa a nemi katin shaidarsa, a aika yaro wurin mai unguwa. Mai gaskiya zai jira. Maƙaryaci yakan fara faɗa ko ya sulale.

Idan an yi satar, a riƙe kamannin mutanen, lambar abin hawa da hanyar da suka bi, a sanar da mai unguwa, 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda ko Sibil Difens mafi kusa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Idan waya ce ko kati, a gaggauta toshe layi da asusun banki. Wanda aka kama kuwa a miƙa shi ga hukuma, domin dukan taron jama'a laifi ne, kuma yakan faɗa kan marar laifi.