Sabon batir, amma mota ta ƙi tashi: ina wutar ta maƙale?

Duk wanda ya saba da tsofaffin tasi na Kumasi ya san canjin batir ba wani aiki ba ne. A kwance kai biyu, a ɗaga tsoho, a dasa sabo, a murɗa makulli, shi ke nan. Amma motocin da 'yan'uwanmu na ƙetare ke turowa ta tashar ruwa ta Tema, musamman ƙananan nan masu kujera biyu da samari ke rububi ranar ɗaukar amarya, ba haka suke ba. Sai ka sa batir fil a leda, ka danna maɓalli, motar ta yi maka shiru. Daga nan sai zargi: ko mai shago ya sayar da jabu, ko yaron gareji ya ƙona ƙwaƙwalwar mota.

Ni kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma cikin abin da muke karanta wa yara akwai kewayen wutar lantarki: wuta ba ta aiki sai ta fita ta wani kai, ta zaga, ta dawo ta ɗaya kan. Ko ina hanyar ta yanke, komai ya tsaya. Wannan darasin ne ya ceci wani tsohon ɗalibina da ke koyon wayarin mota a Suame Magazin.

Motar BMW Z4 ce, ƙirar da aka yi tsakanin 2009 da 2016, mai rufin ƙarfe da ke naɗewa. Mai ita yana ƙasar waje, ta yi watanni a ajiye, batir ya mutu. Aka sayo sabo, mastan ba ya nan, yaron ya sa. Fitilun dashbod suka kama, rediyo ya yi magana, hon ya yi ƙara, amma inji ko motsi. Dangin mai motar suka ce yaro ya lalata ta, kuma sai ya biya. Kuɗin da suka ambata, ko shekara ya yi yana tara abin da masta ke ba shi na abinci ba zai haɗa ba. Ya kira ni murya na rawa: "Malam, wallahi kai biyu kawai na taɓa." Na ce masa, "To, kwantar da hankalinka. Akwai mita a shagonku? Ɗauko ta, ka faɗa mini abin da ta nuna."

Abin farko da ake aunawa shi ne batirin kansa, don sabo ba ya nufin cikakke. Batirin da ya daɗe a kan kanta yana zubar da caji a hankali, zafi irin namu kuma yana ƙara masa sauri. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kusan volt 12.6. In ya sauka zuwa 12.2, kusan rabin cajin ya tafi. In an danna sitata ya faɗi ƙasa da 10, ko dai ba caji ko batirin ba shi da ƙarfin juya wannan injin. Nasa ya nuna 12.6, saboda haka mai shago ya fita daga zargi.

Na biyu, kawunan batir. A nan ne mafi yawan irin wannan matsala ke ƙarewa, kuma abin har da ban dariya. Wasu sababbin batura suna zuwa da 'yar hular roba a kan kai, mai gaggawa sai ya ɗaura waya a kanta. Wani lokaci kuma noti ne bai ɗauru ba, ko farin gari ya taru a bakin maɗauri. Hanya mai rauni irin wannan tana isar fitila, amma sitata tana jan ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, ba za ta wuce ba. Ka kama kan da hannu ka murɗa. In ya juya, ka ga ɓarawonka. Haka wayar da ke haɗa kan ragi da jikin mota, ita ma a duba inda aka ɗaure ta.

Wanda kuwa ya juya kawunan, ya sa ja a gurbin baƙi ko da na daƙiƙa ɗaya ne, yawanci babban fis ne ke ƙonewa, wani lokaci har da cikin altaneta. Yaron ya rantse bai ga ko tartsatsi ba, fis-fis ɗin kuma duk lafiya.

To, a nan ne labarin ya yi daɗi. Batirin Z4 a but yake, can baya, wata ƙatuwar jan waya ce ke ɗauko wuta daga nan zuwa sitata a gaba. A ƙarƙashin bonet akwai wani kai da aka tanada don jona wa mota wuta daga wata motar, kuma a kan wannan wayar yake. Na ce ya auna a can. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, sifili." Wuta 12.6 a baya, babu komai a gaba. Ke nan hanya ta yanke a tsakani.

Kamfanin ya sanya wata dabara ta tsaro a kan jan kan batir: ɗan ƙaramin abin fashewa ne, irin wanda ke buɗe jakar iska. Idan mota ta yi mummunan karo, kwamfutar jakar iska tana tayar da shi, ya fizge babbar wayar daga gurbinta don kada ta haɗu da ƙarfe ta tada gobara. Sauran ƙananan wayoyi suna nan da wuta, saboda fitilun gargaɗi da makullan ƙofa su ci gaba da aiki. Shi ya sa za ka ga dashbod na haske amma sitata a mace. Sau ɗaya yake aiki, bayan nan sai a canja shi.

Da masta ya dawo ya yaye robar wurin, sai ga wayar a zare, jikinta duk tsohon salatif. Ashe motar ta taɓa karo tun kafin ta hau jirgin ruwa, wanda ya gyara ta kuma bai sayi sabon kai ba, tura wayar ya yi ciki ya naɗe. Ta yi ta aiki a haka har ranar da aka ɗaga ta don fitar da tsohon batir. Yaron bai ɓata komai ba, ɓoyayyen gyara ne ya tonu a hannunsa. Dangin suka yi shiru, aka aika Abossey Okai a Akara neman kayan.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Motoci da yawa da ke shigowa daga Amurka waɗanda kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu ne bayan haɗari. A 2020 majalisar dokokin Ghana ta yi dokar hana shigo da irinsu, amma aka dakatar da aiwatar da ita. A ganina laifin ba a sayen motar da ta yi karo yake ba, talaka da abin da aljihunsa ya kai yake hawa. Laifin shi ne a gyara fenti ya yi ƙyalli, a bar abin da ke kare rai a naɗe da salatif. Wayar da ba ta zauna daram ba tana zafi, kuma ga ta kusa da tankin mai.

Ko bayan mota ta tashi, da sauran aiki. A kan baƙin kan batirin irin waɗannan motoci akwai ɗan na'ura mai lura da caji da zafi da wutar da ke fita. Ba ya son duka da guduma ko fizga, in ya lalace batir na iya riƙa mutuwa cikin dare. Sannan dole a jona kwamfuta a soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari a shaida wa motar an sa sabon batir, da girmansa da nau'insa, AGM ne ko mai ruwa. Rashin yin haka ba ya hana ta tashi, amma za ta ci gaba da yi wa sabon caji irin na tsoho, ya mutu kafin lokacinsa. Gilasan ƙofa ma sukan manta iyakarsu, sai an sake saita su, rufin kuma ba ya son naɗewa in gilas bai sauka daidai ba.

In inji ya kama, a mayar da mita kan batir. Ya kamata ta nuna tsakanin 13.5 da 14.8. Masu ajiye wa 'yan'uwa mota har su dawo hutu kuwa, tayar da ita minti biyar a tsakar gida ba ya isa ya cika batir. Ko dai a fita da ita ta yi tafiyar rabin awa duk mako, ko a saya mata ƙaramar caja mai riƙe batir a cike.