Gyaɗar da ba a gani: Fita shaƙatawa a Bauchi da yaro mai borin jinin abinci

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko aka shiga hutun ƙarshen shekara, hanyar da ta tashi daga Abuja ta ratsa Keffi da Akwanga da Jos takan cika da motocin ma'aikata masu komawa gida Bauchi da iyalansu. Bayan an sauko daga idi an kalli hawa a ƙofar fadar Sarki, abin da ya rage wa yara shi ne a kai su wurin wasa, ko dai wuraren lilo na cikin gari, ko kuma ga mai hali a ɗauki hanyar Yankari ko gandun dajin Sumu. Kafin a isa kuwa masu abinci sun riga kowa: ga mai tsire da hayaƙinsa, ga mai masa da tandarta, ga yara masu tallar gugguru da alewa.

Ga yawancin iyaye, abin lura a irin wannan rana bai wuce kuɗin shiga da cunkoso da kada yaro ya ɓace ba. Amma akwai gidajen da lissafinsu ya sha bamban, domin suna da yaron da loma ɗaya ta abincin da jikinsa ya ƙi za ta iya toshe masa numfashi cikin 'yan mintuna.

Abin da Bahaushe ke kira borin jini, wato jiki ya yi ruɗu-ruɗu yana ƙaiƙayi bayan an ci wani abu, shi ne fuskar matsalar da kowa ya sani, kuma sau da yawa yakan lafa da kansa. Likitoci suna kiran matsalar alaji: garkuwar jiki ce ke ɗaukar wani sinadari na abinci tamkar abokin gaba ta far masa. Matakinta mai tsanani, wanda ake kira anafilaksis, shi ne idan abin ya wuce fata ya taɓa numfashi ko gudanar jini. Harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dusashe, tari ya ƙi tsayawa, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar na mai asma, ko yaro ya yi fari fat ya yi laushi ya sume. Yakan fara ne cikin mintuna, wani lokaci har zuwa awa biyu bayan cin abincin. Abincin da suka fi jawo shi ga yara su ne gyaɗa, madarar shanu, ƙwai, kifi, jatan lande, riɗi, waken suya, alkama da 'ya'yan itace irin su kashu. Yaron da ke da asma ya fi shiga haɗari.

Alajin gyaɗa mai tsanani bai yawaita a nan kamar yadda ya yawaita a Ingila ko Amurka ba. Wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta a Ghana, aka wallafa a 2013, ya gano yara da dama waɗanda gwajin jininsu ke nuna alamar rashin jituwa da gyaɗa alhali suna cinta lafiya lau, masu binciken kuma suka danganta hakan da tsutsar da ke haddasa tsargiya. Ke nan gwajin jini shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai likita ya haɗa da labarin abin da ya faru da yaron. Haka kuma wani babban bincike da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa fara bai wa jarirai abinci mai gyaɗa da wuri yana rage kamuwa da alajin da kimanin kashi 80 cikin 100. Saboda haka uwar da ke dama wa ɗanta mai lafiya kunun gyaɗa ba ta da dalilin dainawa. Sai dai wannan ba hujja ba ce ta “saba wa” yaron da ya riga ya kamu ta hanyar ɗanɗana masa kaɗan-kaɗan a gida. Ƙarancin cutar ma shi ne babban nauyin da ke kan iyayen mai ita, domin abin da mutane ba su taɓa gani ba da wuya su yarda da shi.

A ƙasar da gyaɗa take ginshiƙin girki, tambayar “akwai gyaɗa a ciki?” ba ta wadatarwa. Mai tsire zai amsa da cewa babu, kuma ba ƙarya ya yi ba, don shi a wurinsa gyaɗa ita ce wadda ake ɓarewa a tauna. Amma garin ƙuli-ƙuli aka barbaɗe naman da shi kafin a kafa shi a wuta, da man gyaɗa ake yayyafa masa, yajin da za a zuba a gefen takarda ma da ƙuli aka daka shi. Kilishi a cikin labu na tunkuza ake tsoma shi. Balangu, wanda ake ganin kamar ya kuɓuta, a kan katako ɗaya kuma da wuƙa ɗaya ake yanka shi da tsiren. Masar da Bauchi ta yi suna a kanta da mai ake toya ta, a ci ta da miyar taushe wadda markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce ke ɗaure ta, ko da ƙuli da yaji. Kwaɗon zogale da na rama, ɗan wake, dambu, duk hanyar ɗaya ce. Ko abin da babu gyaɗa a cikin haɗinsa yana iya ɗaukar ta a injin markaɗen unguwa, inda aka markaɗa ta wata mata kafin a zuba waken ƙosai ko ayar kunu. Wuta kuma ba ta kashe sinadarin. Gasawa ma, a binciken masana, ƙara masa ƙarfi take yi.

Sai batun mai, wanda harshe kansa yake ƙara dagulawa. A bakin mutane da yawa, duk wani farin mai sunansa man gyaɗa, ko da na waken suya ne ko na kwakwar manja da kamfani ya tace. Man da aka tace sosai a masana'anta kusan babu sauran sinadarin gyaɗa a cikinsa, amma man ƙuli da mata ke matsewa a gida yana ɗauke da shi, kuma shi ne mai ƙamshin da masu suya ke so. Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda ta ambaci abin da sunansa: “Malam, akwai ƙuli a yajin nan?” ko “Baba, man nan na ƙuli ne ko na kamfani? Me aka soya a cikinsa ɗazu?” Duk da haka, a ranar Sallah da layi ya yi tsawo, mai sayarwa yana sallamar mutum goma lokaci guda, ba adalci ba ne a ɗora masa alhakin ran yaro a kan amsar da ya bayar a tsaitsaye.

A wasu ƙasashen an rage wa iyaye wannan nauyi. A wuraren shaƙatawa na Disney a Amurka, iyaye suna iya sanar da alajin yaro, kuma su nemi magana da mai dafa abincin. A Ingila sai da aka yi rashi kafin doka ta ƙara tsauri. A watan Yulin 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin saman Heathrow, ba ta san an cuɗa riɗi a cikin ƙullinsa ba don ba a rubuta a jikin takardar ba. Ta faɗi a cikin jirgi, mahaifinta ya yi mata allurar gaggawa har biyu, amma ta rasu a asibiti a birnin Nice na Faransa. Dokar da ake kira da sunanta, wadda ta fara aiki a Oktoban 2021, ta wajabta rubuta duk abin da ke cikin abincin da aka ƙunshe a shago. A Najeriya ƙa'idojin hukumar NAFDAC na rubutu a jikin kaya sun shafi abincin da ke cikin leda ko gwangwani ne. Ba su kai ga tiren mai talla ba, kuma da wuya a ce za su kai nan kusa.

Shi ya sa hanyar da ta fi aminci ita ce wadda ta fi sauƙi: a dafa abincin yaron a gida, a zuba a kula, a haɗa masa da abin lasa da abin sha irin wanda yake so, don kada ya zuba wa na 'yan'uwansa ido. Waɗanda suka ci tsire su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa shi ko abincinsa, saboda man tsabtace hannu na kwalba ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya kawar da gyaɗa.

Abin da ya fi mai talla wuyar sha'ani shi ne dangi. Yaron da aka haifa a Abuja ya zo gida sau ɗaya a shekara, kowa yana so ya sa masa wani abu a baki. Kaka za ta ce, “Haba, ɗan wannan me zai yi masa? Ubansa da kunun gyaɗa aka yaye shi.” Gwaggo za ta ɗauka iyayi ne na 'yan birni. Uwar yaron, idan suruka ce a gidan, kunya za ta hana ta musu, shi kuma yaron an koya masa cewa ba a mayar da hannun babba. A nan aikin uba ne ya yi magana, tun kafin a fita, a gaban kowa, ya faɗi abin da ya taɓa faruwa da yaron ba tare da sassautawa ba. A koya wa yaron jumla ɗaya da zai faɗa cikin ladabi, cewa likita ya hana shi sai ya tambayi Mama. A sa masa kati a aljihu mai ɗauke da abin da ba ya ci da lambar iyayensa, da Hausa da Turanci. Mataimakan da ake ɗora wa shirya tafiyar iyalin maigida su ma ya kamata su tambaya tun farko ko akwai yaro mai irin wannan lalura, domin sau da yawa direba da mai raino ne ke tare da yara a wurin wasa, ba iyayen ba.

Maganin anafilaksis na farko shi ne allurar adirenalin a tsokar cinya ta gefen waje. Akwai ta a cikin wata na'ura mai kama da alƙalami, irin su EpiPen, mai miligiram 0.15 don ƙananan yara da mai 0.3 don waɗanda suka fi girma, ana iya yin ta ta saman wando. Samunta a Najeriya yana da wuya, ga tsada, ga shi tana da wa'adi. Adirenalin na 'yar kwalba da ake zuƙa da sirinji yana da arha kuma ana samunsa a asibitoci, amma auna shi cikin firgici abu ne da ake yawan kuskurewa, don haka sai wanda likita ya koya wa ya kuma rubuta masa adadin daidai nauyin yaron. Wannan zama da likitan yara a Abuja ya kamata a yi shi kafin tafiya, a karɓo takarda mai bayanin matakan da za a bi.

Daga nan sai lissafin nisa. Wanda ke wurin wasa a cikin gari yana kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Asibitin Ƙwararru na jiha, sai dai ya san cewa ranar hawa ana rufe wasu tituna. Yankari kuwa wani lissafi ne. Gandun, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, yana ƙaramar hukumar Alkaleri, sama da kilomita 100 daga Bauchi. Ana barin titin Gombe a Dindima a nufi ƙofar Mainamaji, daga ƙofar zuwa sansanin Wikki kuma akwai kimanin kilomita 40 a cikin daji. Anafilaksis ba ya jiran tafiyar kusan awa biyu. Iyalin da ba su da allura a hannu, gara su bar Yankari sai wani lokaci, ko su tabbatar babu abin da zai shiga bakin yaron sai na cikin kularsu.

Allurar ma tana da nata sharaɗi. Zafi yana lalata adirenalin, ana so ya zauna a yanayi na digiri 20 zuwa 25, alhali lokacin da aka fi ganin namun daji a Yankari shi ne rani, sa'ad da zafin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40. Barin ta a aljihun gaban mota da aka ajiye a rana kuskure ne, haka ma ɗora ta a kan ƙanƙara. A sa ta a ƙaramar jaka mai kare zafi, a riƙa duba ruwan: idan ya sauya launi ko ya yi gurɓi, ta tashi aiki. Jakar kuma ta kasance a rataye a jikin babba, ba a cikin ledar abinci ba, domin duk wanda ya taɓa zuwa Wikki ya san biran wurin ba su da kunya wajen fizge leda daga hannun baƙo.

Idan abin ya faru, a yi allurar nan take, kada a tsaya ganin ko zai lafa. A kwantar da yaron a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya yi masa wuya a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafa zuwa mota, a ɗauke shi. Manja da nono da ake ɗura wa wanda ake zaton ya ci guba ba su da amfani a nan, ɗura wa mai kumburarren maƙogwaro wani abu ma shaƙe shi zai yi. Ƙwayar Piriton tana rage ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗu, ba ta buɗe hanyar numfashi, ba ta ɗaga jinin da ya faɗi. In minti biyar ya wuce babu sauƙi, a yi allura ta biyu a ɗaya cinyar, shi ya sa ake riƙe guda biyu. Ana iya kiran lambar gaggawa ta 112, amma a kama hanyar asibiti mafi kusa, wani kuma ya rubuta lokacin da aka yi kowace allura don a faɗa wa likita.

Ko da yaron ya wartsake a hanya har ya fara neman a koma wurin lilo, ba a juya mota. A wasu yaran alamun sukan dawo bayan sa'o'i ba tare da sun sake cin komai ba, don haka likitoci kan riƙe mai anafilaksis su sa masa ido na wasu sa'o'i, wani lokaci har ya kwana, kafin su sallame shi da sabuwar allura a madadin wadda aka yi amfani da ita.